Salwar Gonar Cindo

A gefen Galma, can bayan Dakace,
inda dawar kawuna Cindo ta yi iyaka da ciyawa,
nan na fara sanin salwa.
Ba ganinta na yi ba, tashinta na ji:
fir! daga ƙarƙashin ƙafata,
fartanya ta faɗi, gabana ya bi ta.
Kawu ya yi dariya har da riƙe ƙugu:
"Abin da bai kai dunƙulen hannunka ba,
shi zai sa ka gudawa?"

Ba ta yi nisa ba. Taku talatin, ko ƙasa da haka,
ta faɗa cikin harkiya, ciyawa ta rufe bayanta.
Salwa ba ta son sama.
Fiffike a wurinta bashi ne, sai dole take ci,
ƙafa ce jarinta.

Rigarta launin ƙasar da ta raine ta,
ja-ja, toka-toka, da zanen busasshen kara.
In shaho ya gitta ba ta gudu,
sai ta lafe, ta zama hoge,
ido ɗaya na bin inuwa har ta wuce.

Da asuba, raɓa ba ta saki ganye ba,
namijin ke kira, sau uku-uku.
Ka nufi gabas, muryar ta ɓullo yamma.
Ni da Barau mun ɓata safiya guda muna bin ta,
muka koma gida wando ya jiƙe sharkaf,
koko ya huce.

Cinta kaɗan ne: tsabar ciyawa, gara,
hatsin da ya zube bayan mai girbi,
sai shinge in gina ta fashe.
Rana ta take, ta nemi turɓaya
ta yi birgima, ta karkaɗe.
Wankanta ke nan, ba ta taɓa ɗibar ruwan kowa ba.

Ranar maimai muka tarar da sheƙar,
ɗan gurbi kamar tafin hannu a gindin gamba,
ƙwai tara, dabbare-dabbare,
kamar alƙalami ya yi musu atishawa.
Na miƙa hannu, kawu ya buge shi.
Ya kewaye wurin da fartanya,
ya bar kunya biyu babu noma.
"Kwana sha bakwai take roƙo," in ji shi,
"wanda ya ba mu damina sukutum
bai ce mu hana aron kwana sha bakwai ba."

Bakwai suka fito, biyu sun yi dungu.
Gyaɗa mai ƙafafu, haka na gan su,
jikinsu bai gama bushewa ba suka bi uwa,
ba wanda ya waiwayi ɓawo.
Tunku ya ɗauki rabonsa, na sani,
don da kaka huɗu na ƙirga
suna tsallaka hanyar rafi a jere.

Kawu ya kwanta dama shekara goma sha ɗaya.
An yanka gonar fulotai,
inda gambar take yanzu an jibge bulo.

Jiya a Samaru na ga ƙwan salwa a kiret,
mai sayarwa na ta jero cututtukan da yake kashewa.
Ya nuna min keji: ɗari a wuri ɗaya,
ta saki ƙwai ta taka shi ta wuce,
ta manta kwanci, inji ke yi mata.
Na saya. A gida Lantana ta juya ɗaya a tafinta,
ta ce, "Baba, yaya tsuntsuwar take?"
Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara,
sai na ce mata, fir!

Amma bara, wajen Basawa,
na ratsa wata saura bayan ruwa ya ɗauke,
ta tashi daga ƙarƙashin takalmina.
Gabana ya faɗi kamar dā.
Na tsaya ina jiran dariya.